Shin Ko Kun San? Abin da Ke Cikin Aikin Sauya Gwiwa

Shin ko kun san cewa a aikin da ake kira sauya gwiwa ba a cire gwiwar? Mutane da yawa da zarar likita ya ambaci wannan aiki sai gabansu ya faɗi, suna zaton za a datse gaɓar ne ɗungurungum a dasa ta ƙarfe. Abin bai kai nan ba. Likita yana fere bakin ƙashin cinya da saman ƙashin ƙwauri, kaurin da yawanci bai wuce milimita 8 zuwa 10 ba, ya ɗora wa na cinya hular ƙarfe, ya kafa wa na ƙwauri farantin ƙarfe, sannan ya sa wata roba mai tauri a tsakaninsu. Kamar haƙorin Makka ne: haƙorin yana nan, an dai goge shi an sa masa riga. Jijiyoyin da ke riƙe gwiwa ta gefe biyu, da naman cinya, da ƙoƙon gwiwa, duk na mai ƙafar ne. Aikin kansa yakan ci awa ɗaya zuwa biyu.

Shin ko kun san cewa guringuntsin da ke lulluɓe da bakin ƙashin gwiwa ba shi da hanyar jini, ba shi kuma da jijiyar jin zafi? Kaurinsa 'yan milimitoci ne kawai, kuma wanda ke bayan ƙoƙon gwiwa shi ya fi kowane kauri a jikin ɗan Adam. Da yake jini ba ya kai masa, in ya cinye ba ya tofowa. Har yau ba a samu ƙwaya ko allura ko jiƙon da aka tabbatar yana mayar da shi ba, komai daɗin bakin mai talla. Ciwon da mai amosanin gwiwa ke ji daga ƙashin da ya tsiraita yake fitowa, da fatar cikin gaɓa da ta kumbura. Shi ya sa hoton ƙashi ba ya faɗin iyakar wahalar mutum. Wani hotonsa abin tsoro amma yana zuwa kasuwa da ƙafarsa, wani kuma hoton bai yi muni sosai ba amma ciwo ya hana shi barci. Likitan kirki mai ciwon yake yi wa aiki, ba hoton ba.

Shin ko kun san cewa a kowane taku gwiwa tana ɗaukar nauyin da ya ninka na jikin mutum sau biyu zuwa uku? Wani bincike da aka buga a Amurka a 2005 ya nuna cewa duk kilo ɗaya da mai amosanin gwiwa ya rage a jikinsa yana sauke wa gwiwarsa kimanin kilo huɗu a kowane taku.

Shin ko kun san cewa gwiwar roba ta farko da tarihi ya adana da hauren giwa aka yi ta? A 1890, a birnin Balin na Jamus, wani likita mai suna Themistocles Gluck ya sassaƙa hinji na hauren giwa ya dasa wa marasa lafiyar da tarin fuka ya cinye musu gaɓa. Har siminti ya haɗa da kansa, daga ƙaron itace da garin dutse da farar ƙasar ɗori. Da farko abin ya yi kamar zai yi, daga baya gaɓoɓin suka ruɓe, domin ya dasa baƙon abu ne a wurin da cuta ta riga ta yi gida, a zamanin da babu maganin kashe ƙwayoyin cuta. Manyan likitocin lokacin suka juya masa baya, aka bar maganar shekaru da dama. A ganina mutumin nan bai samu yabon da ya cancanta ba. Dabarar da ya hango ita ake bi yau, kuma abin da ya kayar da shi, wato shigar cuta, shi ne har gobe babban abin da likitocin ƙashi ke tsoro.

Shin ko kun san cewa gwiwa ba ta lanƙwashewa ta fuska ɗaya kawai? Tana lanƙwashewa, tana ɗan murɗawa, ƙashin cinya kuma yana zamewa baya a kan na ƙwauri. Rashin lura da wannan ne ya kayar da gwiwoyin hinji irin wadda Börje Walldius ya ƙera a Suwidin a 1951: tun da hinjin ba ya murɗawa, sai ƙarfin ya koma kan ƙashi, ƙarfen ya yi ta girgiɗi har ya saki. A 1968 wani likita ɗan Kanada, Frank Gunston, wanda ya yi aiki tare da John Charnley a Wrightington ta Ingila, ya dasa gwiwa marar hinji, ya bar wa jijiyoyin mutum aikin riƙo. Sai a 1974, a wani asibitin ƙashi na birnin Niyok, John Insall da Chitranjan Ranawat da injiniya Peter Walker suka fito da samfurin da ake kira Total Condylar. Kusan duk gwiwar da ake sawa yau jikarsa ce. Yanzu ana yin wannan aiki fiye da sau 700,000 a shekara a Amurka, a Birtaniya kuma kimanin 100,000.

Shin ko kun san cewa simintin da ake kafa ƙarfen da shi daga wurin likitocin haƙori aka aro shi? Dangin robar da ake yin haƙoran roba da ita ne, Charnley ne kuma ya yaɗa amfani da shi a aikin ƙashi. A ɗakin tiyata yana zuwa ne gari daban, ruwa daban. Ma'aikaciya ta haɗa su, wari mai hawa kai ya cika ɗakin, kwaɓin ya yi danƙo. Likita ya shafa shi a kan ƙashin da aka wanke aka tsane, ya danna shi da yatsa har ya shige ƙananan ramukan ƙashi, ya ɗora ƙarfe ya buga da guduma, ya miƙe ƙafar, ya kankare abin da ya tsatso ta gefe. Daga nan kowa ya tsaya cik. Cikin minti 10 zuwa 15 simintin ya ɗau zafi ya ƙame. Ba manna ƙarfe da ƙashi yake yi ba, cike giɓin da ke tsakaninsu yake yi ya kulle. Sau da yawa akwai maganin kashe ƙwayoyin cuta a cikin garin. Akwai kuma ƙarafan da ba sa buƙatar siminti, masu kaushin baya da ƙashi ke tsirowa ya kama, an fi sa wa masu ƙarfin ƙashi.

Shin ko kun san cewa da yawan waɗanda ake yi wa aikin idonsu biyu? Allurar baya ake yi musu, jiki ya mutu daga ƙugu zuwa ƙasa, a ƙara da ɗan abin sa gyangyaɗi. Wasu suna jin ƙarar zarto da guduma amma ba sa jin zafi.

Shin ko kun san cewa wata likita 'yar Japan ce ta sa ba kasafai ake neman ƙarin jini a wannan aiki yanzu ba? Utako Okamoto da mijinta Shosuke sun gano maganin tranexamic acid a 1962, ita burinta ta ceci mata daga zubar jini bayan haihuwa. Maganin yana hana gudan jinin da ya toshe rauni saurin narkewa. Ba shi da tsada, kuma ya rage buƙatar ƙarin jini a aikin gwiwa ƙwarai. Ga iyalin da suka san wahalar neman ledar jini da tsakar dare, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Shin ko kun san cewa zancen nan na "shekara goma take yi ta lalace" ya tsufa? A 2019 mujallar likitoci ta Lancet ta buga wani nazari da ya tattara bayanan rajistar ƙasashe: cikin gwiwoyi 100 da aka sauya gaba ɗaya, kimanin 93 suna nan bayan shekara 15, 90 bayan shekara 20, 82 bayan shekara 25. An san haka ne domin wasu ƙasashe suna rubuta kowace gwiwa da aka sa da ranar da aka sake buɗe ta. Suwidin ce ta fara a 1975, Ingila da Wales suka bi a 2003. Amma shekarun mai gwiwar suna sauya lissafin. Wani nazari na 2017 a mujallar ya nuna wanda ya haura 70 kafin a yi masa aiki, yiwuwar a sake taɓa gwiwar a rayuwarsa kusan kashi 5 cikin ɗari ne, namijin da aka yi wa a farkon shekarunsa na hamsin kuwa ya kai kashi 35. Mai sauran ƙarfi ya fi gurza robar, ya kuma fi daɗewa yana gurzarta. Aikin gyara ya fi na farko wuya da tsada, sakamakonsa kuma ba ya kai na farko. Shi ya sa in mai ƙarancin shekaru ne ƙafarsa ta yi baka, gefe ɗaya kawai ya cinye, wani lokaci likita yakan zaɓi ya yanka ƙashin ƙwauri ya daidaita shi, nauyi ya koma gefen da ke da lafiya, a jinkirta sa ƙarfe.

Shin ko kun san cewa kusan mutum ɗaya cikin biyar ba ya gamsuwa da sakamakon, ko da likita ya duba hoto ya ga komai daidai? Wannan adadi ya sha fitowa a bincike daban-daban, kuma shi ne abin da aka fi ɓoyewa a tallan asibitoci. Wasu ciwon ne bai tafi duka ba, wasu gwiwar ce ta yi tauri, wasu kuma sun shiga da tsammanin za su fito da gwiwar da suke da ita suna 'yan shekara talatin. Huɗu cikin biyar da suka ji daɗi nasara ce babba, ba ni da ja. Amma haƙƙin mai ciwo ne a gaya masa ɗayan kafin ya sayar da gona ko fili ya biya kuɗin aiki.

Shin ko kun san cewa sai a 2015 aka buga gwajin farko mai inganci da ya kwatanta aikin da rashin yinsa? A Denmak aka yi, da mutum 100 da duk sun cancanci tiyata. Aka yi wa rabi aiki, rabi aka ba su motsa jiki na musamman da shawarar abinci da maganin ciwo kawai. Bayan shekara guda, sauƙin da 'yan tiyata suka samu ya ninka na sauran, amma su ne kuma suka fi haɗuwa da matsaloli masu tsanani irin su daskarewar jini da taurin gaɓa. Cikin 50 da ba a yi wa aiki ba, 13 ne kawai suka koma aka yi musu a cikin shekarar.

Shin ko kun san cewa "wankin gwiwa" da na'ura ba ya maganin amosanin gaɓa? A 2002 likitoci a Houston ta Amurka sun raba mutum 180 gida uku. Wasu aka zura musu na'ura aka wanke gaɓar, wasu aka wanke aka kankare, wasu kuwa fata kawai aka ɗan tsaga aka ɗinke ba tare da an taɓa ciki ba. An bi su shekara biyu, ba a ga wani rukuni ya fi wani sauƙi ba. Na'urar tana da amfaninta a wasu raunukan gwiwa, amma wanda guringuntsinsa ya cinye kada ya zuba kuɗinsa a nan.

Shin ko kun san iyakar lanƙwasar da sabuwar gwiwa ke yi? Wannan ita ce tambayar da ta fi shafar mutanenmu, kuma littattafan Turai ba su cika damuwa da ita ba, domin rayuwarsu a kan kujera take. Tafiya tana buƙatar gwiwa ta lanƙwashe kimanin digiri 65, hawa da saukar bene wajen 90 zuwa 100, tashi daga kujera kusan haka. Gwiwar da aka sauya yawanci tana tsayawa a digiri 110 zuwa 120, wanda ya isa duk waɗannan. Zaman tahiya kuwa, inda mutum ke ɗora mazaunansa a kan ƙafarsa, yana neman digiri 150 ko fiye. Tsugunno ma haka, ko a banɗaki ko a gaban murhu ko wajen alwala. Ma'ana, mafi yawan waɗanda aka yi wa aikin nan ba za su koma zaman salla a ƙasa yadda suka saba ba, wanda ma ya iya kaiwa ƙasa yakan sha wuya wajen miƙewa. Durƙuso a kan gwiwar ba a tabbatar yana lalata ƙarfen ba, sai dai da yawa ba sa jin daɗinsa. An ƙera samfura da aka ce na lanƙwasa mai zurfi ne, amma da aka gwada, bambancinsu da na yau da kullum bai taka kara ya karya ba. Abin da ya fi nuna yadda gwiwa za ta lanƙwashe bayan aiki shi ne yadda take lanƙwashewa kafin aiki. Wanda ya bari sai da ta sandare, da wuya ta dawo masa da laushi.

Addini ya yi rangwame ga wanda ba zai iya ba, ya yi sallarsa a zaune, kuma kujerun da ke jere a gefen sahu a masallatanmu shaida ne. Damuwata ita ce dattijon da ba a yi masa wannan bayani ba, ya dawo gida yana zaton aiki ya ɓaci alhali iyakar abin ke nan. Kamata ya yi a yi maganar tun a ɗakin likita, 'ya'yansa kuma su gyara banɗaki ya zama na zama, su ɗaga gado da kujera kafin ranar sallama.

Shin ko kun san cewa ana tayar da mutum ya taka ƙafar a ranar da aka yi aikin ko washegari? Kwanciya ita ce abokiyar gaba a nan. Jini yakan daskare a jijiyar sha-raɓa, in gudan ya ɓalle ya tafi huhu yana iya kisa, don haka ake ba da maganin tsinka jini na wasu makonni, wani lokaci asfirin, a kuma matsa wa mutum ya motsa. Kumburin sha-raɓa mai zafi, ko numfashi ya riƙa sarƙewa kwatsam, maganar komawa asibiti ce nan take.

Makonni shida zuwa sha biyu na farko su ke yanke hukuncin yadda gwiwar za ta kasance. Tabo yana haɗuwa a cikin gaɓa, in ba a lanƙwasa ta ana miƙewa kullum, sai ya ɗaure ta. Masu gashin ƙashi sun san wannan yaƙi: mai ciwon yana zaune a bakin gado, yana jan diddigensa baya da ɗaya ƙafar, gumi na keto masa, ana ƙirga masa. Masu jinya kuma, don tausayi, sukan cusa matashi a ƙarƙashin gwiwar don ya ji daɗin kwanciya. Kuskure ne. A ƙarƙashin diddige ake sa shi domin gwiwar ta miƙe sosai, wadda ba ta miƙe ba ɗingishi za ta bari. In wata uku ya kusa gwiwa ba ta kai digiri 90 ba, akan sa mutum barci likita ya lanƙwasa ta da hannu don tabon ya tsinke. Injin nan da ake ɗora ƙafa yana lanƙwasa ta da kansa kuwa, nazarin da aka tattara ya nuna amfaninsa kaɗan ne ƙwarai.

Shin ko kun san cewa mutum ɗaya zuwa biyu cikin ɗari ne cuta ke shiga wa gwiwa, amma waɗannan kaɗan ɗin su ke shan wahalar da ta fi ta kowa? Ƙwayoyin cuta suna manne wa ƙarfe su lulluɓe kansu da wata yauƙi da magani ba ya ratsawa, ƙarfe kuma ba shi da jinin da zai kai masa ɗauki. In an gano da wuri, akan buɗe a wanke a sauya robar. In an makara, sau da yawa sai an cire komai, a sa siminti mai magani na wucin gadi, a sha makonni ana allurai, sannan a sake sabon aiki. Ciwon suga da ba a saita ba, shan taba, da ƙiba mai yawa duk suna ƙara haɗarin. Allurar kashe kumburi da ake yi a cikin gwiwa ma tana ƙara shi in an yi ta cikin wata uku kafin tiyata. Haɗin ƙwayoyin "sanyin ƙashi" da ake ƙulla wa mutane a kemis sau da yawa akwai irin wannan magani a ciki, yana tayar da suga yana raunana garkuwar jiki, don haka a nuna wa likita duk abin da ake sha. Bayan aiki kuma, in ɗinki yana tsatsar ruwa, ko gwiwa ta yi ja da zazzaɓi, kada a shafa mata komai, kada a yi tsaga ko ƙaho, kada a fara shan kafso kafin likita ya ɗebi ruwan gwiwar, domin maganin yakan ɓoye ƙwayar cutar a kasa gane wace ce.

Shin ko kun san cewa ana iya sauya rabin gwiwa? In gefen ciki kawai ya cinye kuma jijiyoyin tsakiya lafiyarsu ƙalau, akan sa ƙaramin ƙarfe a wannan gefe. Fitaccen samfurinsa John Goodfellow da John O'Connor ne suka ƙera shi a Oksfod a shekarun 1970. Yanka ƙarami ne, warkewa da sauri, lanƙwasa ta fi kyau. Wani gwaji da aka yi a Birtaniya da mutum 528, aka buga a 2019, ya nuna bayan shekara biyar sakamakon rabi da na duka kusan ɗaya ne. Sai dai a rajistar ƙasashe an fi sake buɗe na rabin: kimanin 70 cikin 100 ne ke kaiwa shekara 25.

Shin ko kun san cewa mutum-mutumin da ake tallar yana aikin gwiwa ba shi ke yin aikin ba? Likita ne ke riƙe da zarto, na'urar tana hana shi wuce iyakar da aka tsara a kwamfuta. Sananniya a cikinsu ita ce Mako, wadda kamfanin Stryker ya saya a 2013. An tabbatar tana sa yanka ya fi daidaito, amma ba a kai ga tabbatar da cewa gwiwar ta fi daɗewa ko mai ita ya fi jin daɗi ba. Likitan da hannunsa ya saba, wanda ke yin aikin a kai a kai tare da ma'aikatan da suka san shi, ya fi muhimmanci a wurina. Su kansu likitocin ba su gama daidaitawa kan wasu abubuwa ba: a Amurka yawanci ana sa wa bayan ƙoƙon gwiwa roba, a Suwidin da wuya a sa.

Shin ko kun san cewa wasu abubuwan da ke tsorata mutane bayan aiki ba matsala ba ne? Fatar da ke gefen waje na tabon takan mutu ba a jin taɓi, domin yankan yana ratsa wata ƙaramar jijiyar fata. Gwiwar takan yi 'yar ƙara in ƙarfe ya taɓa roba. Takan yi ɗumi da ɗan kumburi na watanni, cikakkiyar warkewa kuma takan kai shekara. Na'urar bincike a filin jirgi ma tana iya yin kuka, maniyyaci ya faɗa wa jami'ai tun kafin ya shiga.

Shin ko kun san cewa ba dole sai an ƙetare teku ba? Ana yin aikin a Najeriya, a manyan asibitocin ƙashi na tarayya irin su na Dala a Kano da na Igbobi a Legas da na Inugu, da wasu asibitocin koyarwa. Masu zuwa Indiya ko Masar su sani cewa tiyatar kwana ɗaya ce, gashi da bibiya kuwa na watanni ne, kuma a gida za a yi su. Kafin a hau jirgin dawowa a karɓi rahoton aikin a rubuce, da hotunan ƙashi, da takardar da ke ɗauke da sunan kamfanin ƙarfen da samfurinsa da lambar girmansa. Robar wani kamfani ba ta shiga farantin wani, kuma likitan da zai buɗe gwiwar bayan shekara 15 sai ya san abin da ke ciki kafin ya yi odar kayan gyara.